Ɗaya Rabin Gangar

Lahadi, 1 ga Disamba, bayan sujada

Kayen nan, littafin rubutun makaranta, na yarinyata ne. Shafi huɗu kawai ta cika da darasin lakwal, sauran fari fat. Zan ci gaba daga inda ta tsaya.

An shiga watan Nowel. Pasto ya ce bana ma ni zan shirya wasan haihuwar Almasihu, tunda ni ce malamar yara. Na ce to. Mu Kirista a Arlit ba mu da yawan da wani zai ce ya gaji. Ko an haɗa da 'yan'uwan Akokan benci goma sha biyu ne, biyu ma a karye.

Shi ya yi addu'ar rufewa. Ba zan sa sunansa a kayen nan ba. Dattijon ikilisiya ne, mai sayar da tsofaffin ƙarafa a bayan kasuwa, wannan ya isa. Ya ɗaga murya ya ɗaure Shaiɗan, ya ɗaure aljanun hamada, ya ɗaure na ƙarƙashin ƙasa, har jijiyar wuyansa ta fito. Kowa ya ce amin. Ni idona a buɗe yake, ina kallon ƙeyarsa.

Talata, 3 ga Disamba, da hantsi

Na shiga mangazar majami'a, ɗakin ajiyarmu, ɗauko kayan wasa. Fukafukan mala'iku suna nan, rawanin masana taurari yana nan. Komin katako da muke kwantar da jariri a ciki ne ya rabe biyu, wani ya ɗora masa buhun siminti.

Ina jan shi gefe sai na gan ta a bayan ƙofa, a kife.

Na san ta kafin in taɓa ta. Rabin gangar ƙarfe, bakinta da karkatacciyar yanka, ga ragowar jan fenti a gindi inda aka kankare. Shekara tara da suka wuce dattijon nan ya yanka ganga guda biyu, ya ba majami'a rabi, ya kawo mana rabi har gida, wai gudummawar ɗan'uwa. A namu rabin na zuba ruwan sha shekara tara. Na gode masa a lokacin, har da durƙusawa.

Watan jiya Aghali, Buzun da suka yi aikin ramin yuraniyom tare da maigidana a Akokan kafin a rufe, ya zo mana gaisuwa. Yana yawo da 'yar na'urar awon gubar yuraniyom tun zamanin aiki, ba ya rabuwa da ita. Ya tsaya kusa da gangarmu zai wanke hannu, na'urar ta kama ƙara daga cikin aljihunsa kamar ana toya gero a kasko. Ya ajiye butar a hankali, ya ce a fitar da gangar daga gidan a ranar.

Mun tafi asibitin Agadas mu uku a watan Oktoba. Mun dawo mu biyu.

Na mayar da ƙofar mangaza na rufe. Ban gaya wa kowa ba.

Laraba, 4 ga Disamba, da rana

Ban gaya wa kowa ba.

Juma'a, 6 ga Disamba, da la'asar

Taron shirye-shirye. Na faɗi cewa komi ya karye. Matasa suka ce a nemi kafinta. Shi dattijon ya ɗaga hannu ya ce, "Wane kafinta kuma? Akwai rabin ganga a mangaza. A zuba mata ciyawa, a shimfiɗa zane, ta fi katako kyau."

Wallahi ban buɗe baki ba. Shi ya faɗa da bakinsa, a gaban mutum goma.

Mu a nan ba ma sa 'yartsana a komi. Tun kafuwar ikilisiyar nan, jaririn da ya fi kowa ƙanƙanta shi ake kwantarwa, namiji ko mace ba a dubawa, uwarsa kuma ta zama Maryamu. Malamar yara ce take karɓarsa daga hannun uwa ta kwantar. Bana mace ɗaya ce da tsohon ciki, ɗiyarsa 'Yargata, wadda ta dawo gidan iyaye don haihuwar fari.

Sai matarsa ta ƙara da cewa ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Tukunyar da za su dafa ruwan jego ta aro ce, mai ita tana son abinta ƙarshen wata. In an gama Nowel sai su wuce da gangar gida, a dafa wa mai jego ruwa, a yi wa jariri wanka, in an yi arba'in a zuba ruwan sha.

Pasto ya ce, "Malama, kin yarda?" Shekararsa biyu a garin nan, bai san komai ba.

Na ce, "Yadda Baba Dattijo ya ce."

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Lahadi, 8 ga Disamba, bayan sujada

Wa'azin yau kamar da ni ake. Pasto ya ce Allah bai aiko mala'ika da takobi ba, da kansa ya zo, ya ɗauki jiki irin namu, mai jin yunwa da sanyi, don ya rushe aikin Mugun daga ciki. Ya ce saboda haka yaƙinmu ba da mutum mai jini da tsoka ba ne, da ikokin duhu ne waɗanda ido ba ya gani.

To, Pasto. Naka abokin gaba ido ba ya ganinsa. Nawa yana da jini, yana da tsoka, yana da hula zanna da farar mota, benci na farko yake zama.

Abin da ke ci mini rai shi ne, mutumin nan ya fi kowa sanin abin da ba a gani. Yana ganin aljani a tsamiya, yana ganinsa a mafarkin mutane, yana ganinsa a ciwon kan tsohuwa. Abu guda da ba a gani wanda yake kashe mutane a garin nan, shi ne bai yarda da shi ba. Da maigidana ya je ya same shi bayan awon Aghali, cewa ya yi, "Ƙarfe ƙarfe ne, tsoron Turawa ne wannan. Abin da ya taɓa ɗiyarku daga Mugun ya fito. Kada ku tona wa ikilisiya asiri a gari, mu 'yan kaɗan ne." Tun ranar maigidana bai sake taka majami'a ba. Da safe ya hau kabu-kabunsa, da yamma ya dawo, ya ci tuwo, ya juya wa bango fuska.

Ƙarfe ƙarfe ne. Madalla. Za mu gani.

Litinin, 9 ga Disamba, da safe

Na karanta addu'o'in Dauda, waɗanda ba a karantawa a sujada, inda yake roƙon Allah ya maida wa maƙiyi abin da ya ƙulla a kansa. Ashe akwai su da yawa. Ban san Dauda ɗan'uwana ba ne sai bana.

Laraba, 11 ga Disamba, da azahar

Na haɗu da Aghali a tashar motocin Akokan, yana jiran wani kaya. Bayan gaisuwa na tambaye shi kamar wasa, in an raba ganga biyu, ɗaya rabin yana da wuta, ɗayan fa?

Ya ja rawaninsa ƙasa kaɗan ya dube ni. "Ciki ɗaya suka fito, Malama. Uwa ɗaya, cuta ɗaya. Kin san inda ɗayan yake?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "In kin ji labarinsa ki kira ni, ko ina nake. Taɓawa sau ɗaya ba shi ne abin tsoro ba. Ruwa ne, yau da gobe. Yaro ƙarami kuwa ba shi da ƙarfin babba."

Na sake tambayarsa abin da na riga na tambaya sau uku, ko gangar ce ta yi. Ya ba ni amsar da ya saba. Ba zai ce ita ce ba, ba zai ce ba ita ba ce, garin nan kowa yana shaƙar rabonsa. Likitocin Agadas ma haka, jini ya lalace, suka ce, suka rufe takarda. Kowa yana da hanyar zillewa. Ni na sani.

Shekarata talatin da takwas ban taɓa yi wa mutumin kirki ƙarya ido da ido ba. Ta fito mini sumul, ko tuntuɓe ban yi ba.

Alhamis, 12 ga Disamba, da yamma

'Yargata ta sauka. Mace.

Asabar, 14 ga Disamba, da la'asar

Gwajin wasa da yara. An fito da gangar, an zuba ciyawa. Na zana layi da gawayi kewaye da ita, taku uku, na ce duk wanda ya ƙetare layin nan na cire shi daga wasa, ko mala'ika ne. Wata 'yar makiyaya ta miƙa hannu za ta gyara ciyawar, na daka mata tsawar da ta sa ta fashe da kuka. Uwarta ta dube ni. Sun ce tun Oktoba ba a gane mini.

Na ƙunsa tsumma na yi gwajin kwantarwa da shi. Taku uku ne daga kujerar Maryamu zuwa komi.

Ba wanda yake son zama Hirudus, kullum haka ne. Bana ma sai da na yi alkawarin alewa.

Lahadi, 15 ga Disamba, da hantsi

Ban je barka ba. Zumuntar mata sun tafi gaba ɗaya, na ce kaina ke ciwo.

Ya Yesu, bari in yi maka magana yadda take, tunda ka ce ka zama ɗan'uwanmu. Kai ma an haife ka a garin da ba naku ba. Uwarka a me ta zuba ruwan sha? Wa ya ba ta? Da wani dattijo mai dogon addu'a ya kawo mata abin da zai cinye maka jini tun kana rarrafe, da mala'ika ya zo ya faɗa wa Yusufu a mafarki. An faɗa masa ya gudu Masar, ai. Ni shekara tara ina barci a ɗakin nan, ba wanda ya zo mini a mafarki.

Ban ce ka kashe kowa ba. Ban ɗauki wuƙa ba, ban zuba komai a abincin kowa ba. Shi ya sayo, shi ya kankare fenti, shi ya yanka, shi ya ce a fito da ita. Ni shiru kawai na yi. In bangaskiyarsa ta isa ta tsare jikarsa, sai ta tsare. Abin da ya auna mini nake auna masa, da mudunsa.

Talata, 17 ga Disamba, da safe

Sanyi ya sauko sosai. Rigar sanyinta tana rataye a ƙusa, ban san wa zan ba ba.

Alhamis, 19 ga Disamba, bayan azahar

Suna. Na so in ƙi zuwa, 'Yargata ta aiko har sau biyu, wai ba za a yi addu'a ba sai na zo.

Na same ta a ɗaki, fuska ta yi jajir don ruwan zafi, ana dama mata kunun kanwa. Yarinyar nan ita ke yi wa tawa kitso duk Asabar, tun tana ƙarama. Ita ta bi mu har tasha ranar da za mu Agadas, da 'yar ledar dabino. Ta kama hannuna ta ce, "Inna Malama, na roƙi mijina, ya yarda. Na mayar miki da ita."

Ban gane ba sai da Pasto ya ɗaga jaririyar a tsakar gida ya faɗi sunan.

Sunanta ne. Sunan tawa.

Ɗiyar fari ce. Mu mutanen Tsibiri ba ma faɗin sunan ɗan fari, ko da muka bi Almasihu ba mu bar wannan kunyar ba. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa kiranta da shi ba. Ke, nake cewa. Ke yarinya. Ban taɓa ɗora ta a cinya a gaban mutane ba. Ko a asibiti, da likita ya tambayi sunanta, ubanta na duba ya faɗa. Ina ajiye sunan kamar zanen da ake jira wata rana a ɗaura.

Yau ga shi a bakin kowa, ana ta juya shi da guɗa. Shi dattijon kuma yana tsaye yana karɓar barka, har ya faɗe shi sau biyu da bakin nan nasa.

Sun ɗauke mini yarinya, yanzu sun ɗauki sunan. Mata suna kuka don daɗi, suna cewa 'Yargata ta yi halin girma. Aka miƙo mini jaririyar, na ce ina mura.

Juma'a, 20 ga Disamba, da safe

Akwai abin da ban rubuta ba.

A watan Satumba, da jikinta ya ƙi, dattijon ya zo gidanmu da 'yan addu'a, azumin kwana uku. Ya ce hari ne daga Mugun, za a yi yaƙi. Suka kewaye ta suna tsawata wa ruhohi har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Rana ta uku ya ce a kawo ruwa. Na ɗauki moɗa na ɗebo daga gangar. Ya ɗora hannu ya yi addu'a, ya ce ta shanye, safe da yamma, kwana bakwai.

Ta ce, "Inna, ba na jin ƙishi."

Na ce, "Ke, sha."

Da hannuna. Safe da yamma, kwana bakwai, ban tsallake ko ɗaya ba.

Asabar, 21 ga Disamba, da rana

Ramin mugunta a gina shi gajere, in ji mutane. Ba ni na gina ba. Na tarar da shi a gine.

Lahadi, 22 ga Disamba, bayan sujada

Pasto ya tsare ni a bakin ƙofa bayan kowa ya watse. Ya ce ya lura ba na cin Jibin Ubangiji tun watan jiya. Na ce cikina ne. Ya yi murmushin da ba na so, ya ce, "Malama, Mugun ba ya zuwa da ƙaho. Inda aka ji mana ciwo nan yake zama, ya yi ta ba mu gaskiya. Duk abin da zai faɗa miki gaskiya ne, shi ya sa yake da wuyar kora."

Na ce, "Pasto, ka taɓa binne ɗa?"

Ya ce a'a.

Na ce to a gaida gida.

Na yi masa rashin kunya, na sani. Amma maganarsa ta biyo ni har gida kamar ƙudan kasuwa. Da nake tankaɗe sai na ji ina jera hujjojina, ɗaya bayan ɗaya, duka daidai, ba ta inda za a kama ni. Ban san tun yaushe na iya shari'a haka ba.

Talata, 24 ga Disamba, da la'asar

Gwaji na ƙarshe. 'Yargata ta zo da kanta don ta ga inda za ta zauna, an naɗe ta da mayafi biyu. Ta tsaya a bakin layin gawayi ta leƙa gangar, ta ce, "Kai, ta yi kyau. Inna Malama, jibi sai ki zo ki ga wankanmu a ciki."

Na ce Allah ya kai mu.

Maigidana ya yi magana yau, ba tambaya ba komai. Ya ce gobe zai je sujada, saboda yarinyarmu tana son wasan Nowel, bara ita ce mala'ikan da ya kawo albishir. Na guga masa riga.

Laraba, 25 ga Disamba, da yamma

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Majami'a ta cika, har maƙwabta Musulmi sun tsaya a taga kamar kowace shekara. Yara sun yi nasu daidai. Makiyaya suka zo, Hirudus ya manta maganarsa aka yi dariya. Mata suka ɗauki waƙa, lokacin kwantarwa ya yi. Na je gaban 'Yargata na miƙa hannu, ta ɗora mini ita.

Rabona da ɗaukar yaro tun Agadas. Na shirya wa nauyi, sai na ji ba nauyi, ɗumi ne kawai. Kanta yana warin man kaɗanya da hayaƙi. Na yi taku ɗaya. Ta juyo da fuska cikin ƙirjina tana neman nono da baki, ba ta san ko ni wace ce ba, ba ta tambaya ba. Na yi taku na biyu.

A nan abin ya same ni. Shekara tara ina koya wa yara cewa Allah ya zama mutum, ina faɗa kamar karatun lakwal. Ashe wannan ne. Ya yarda ya zama abin da za a ɗauka a ajiye duk inda aka ga dama. Ya yarda ya shiga hannun mutane, alhali ya san abin da ke cikin hannun mutane. Bai zo da na'ura ba, bai zo da takobi ba. Da aka ce Mugun yana tsaye yana jiran a haife shi ya haɗiye, ni kullum dodo nake gani a raina. Yau na duba, ba kowa tsakanin jaririyar nan da gangar sai ni, da sabon zanena.

Na tsaya. Waƙar ta zagayo ta sake zagayowa, mata suna kallona. Daga benci na farko ya ce, "Malama, kwantar da ita mana."

Sai na ji muryata, da ƙarfi, har bayan majami'a.

"Tabita ba za ta kwanta a nan ba."

Tabita. Ga shi na rubuta. Tabita.

Waƙa ta mutu. Na faɗi sauran a tsaye, ban san da wane tsari ba, ganga, jan fenti, ruwa, Agadas. Dattijo ya miƙe ya ce baƙin ciki ya buɗe wa Mugun ƙofa a kaina, a kama ni a yi addu'a. Ya ɗaga hannu ya fara tsawata wa ruhun da ke cikina. Na ce masa, "Baba, wanda ke cikina ya riga ya fita, bai jira ka ba. Saura naka."

Ban ga fitar maigidana ba, ƙarar babur kawai na ji. Pasto ya ce kowa ya zauna, ba mai taɓa komi, ba mai taɓa Malama. Muka zauna kusan rabin awa. Jaririyar ta yi barci a hannuna.

Maigidana ya dawo ɗauke da Aghali. Aghali ya cire takalmi a ƙofa kamar zai shiga masallaci. Ya yi sallama, ya wuce tsakanin benci, ya miƙa na'urar kan ciyawa. Tun bai kai ba ta fara. Da ya kai ta gindin gangar, ƙarar ta cika ɗakin, har na taga suka ja baya.

Dattijo ya ce, "Ni ban san..."

Aghali ya ce, "Ka sani, Baba. Ni na shafa jan fentin nan da hannuna. Mun bi ku rumfa rumfa muka ce duk mai jan fenti guba gare shi, a maida shi. Ka ba ni shayi ranar."

Dattijo ya dubi gangar, ya dubi abin da ke hannuna. Ya zauna a ƙasa, a gaban benci, hularsa ta faɗi ba wanda ya ɗauka.

Na ji daɗi. Ba zan yi ƙarya a kayenta ba. Na ji daɗi har cikin ƙashina.

Alhamis, 26 ga Disamba, da safe

An zo an tafi da gangar a bayan mota, an naɗe ta da leda. An ce za a bi gidajen da Dattijo ya taɓa ba kyauta ko ya sayar musu. Gida bakwai aka lissafa zuwa yanzu. An ce bai fito ba, bai ci abinci ba. Kada ya ci.

Mata suna ta shigowa suna cewa Ruhu ne ya yi magana ta bakina, na ceci rai. Na ba su ruwa daga sabuwar randa.

Juma'a, 27 ga Disamba, da hantsi

'Yargata ta zo, ita kaɗai, da goyo. Mai jego ba ta fita, amma ta fito. Ta ƙi tabarma. Ta kwance goyon ta ba ni, na karɓa, ta tsaya tana kallon yadda na riƙe ta.

Ta ce, "Inna Malama, na zo godiya. Kuma abin da Baba ya yi, ba ni da bakin ba ki haƙuri." Sannan ta ce, "Amma akwai layin gawayi. Na kwana ina tunaninsa. Tun yaushe kika sani?"

Ƙarya ta zo mini har bakin leɓe, sumul, irin ta ranar tasha. Na haɗiye ta.

Na ce, "Tun uku ga wata."

Na ga tana lissafi da ido. Kafin ta haihu. Kafin suna. Ranar da ta kama hannuna. Ranar da na ce Allah ya kai mu.

Ta ce, "Kin kare 'ya'yan kowa da gawayi."

Na ce e.

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Ta miƙo hannu biyu, na mayar mata da Tabita. Ta goya ta, ta ɗaure zane sau biyu, ta fita ba sallama.

Juma'a, da la'asar

Na sauko da babbar tukunyar aurena, wadda na zo da ita daga Tsibiri, ba ta taɓa sanin ƙarfen garin nan ba. Na kai wa Aghali ya auna duk da haka, na'urar ba ta ce uffan ba. Maigidana ya ɗaura ta a bayan babur ya kai ƙofar gidan su 'Yargata. Na ce kada ya ce komai, ya ajiye ya taho. Saura kwana ashirin da biyar ta yi arba'in, kuma mai tukunyar aro tana son abinta.

In sun maido, sun maido.

Asabar, 28 ga Disamba, da safe

Ba labari.

Lahadi, 29 ga Disamba, bayan sujada

Benci na farko ba kowa. Pasto ya zo da gurasa ya tsaya a gabana, ya daɗe. Ban miƙa hannu ba, bai matsa mini ba, ya wuce. Wataƙila wani makon.

Shi dattijon ban yafe masa ba. Ubangiji ya sani, na gaya masa da safe, ban ɓoye ba. Na ce in yana so in yafe sai ya zo ya yi da kansa, tunda ya san hanyar shigowa jikin mutum.

Da muke dawowa na ce wa maigidana ya bi ta layin su 'Yargata. Bai tambaye ni dalili ba. Ƙofa a rufe take, tukunyar ba ta waje. Ta saman katanga hayaƙi yana tashi daga bayan gida, inda ake dafa ruwan jego.

Na ce ya tsaya kaɗan. Ya kashe babur, muka tsaya.